Ƙananan Sawu a Bayan Nawa

Makon jiya magina suka gama zuba wa tsakar gidanmu siminti. Yara sun ji daɗi, sun ce an huta da taɓon damina, ni ma na ce Allah ya sa albarka, don ba ƙarya suka faɗa ba. Amma da na fito da safe na soma shara, sai na ji tsintsiya tana wata ƙara mai kaushi da ban saba ji ba. Na juya na duba inda na taka, ko alama babu. Na daɗe a tsaye da tsintsiyar a hannu. Shi ya sa na nemo ragowar littafina na yaƙi da jahilci, na ce bari in rubuta alherin da ƙasar tsakar gida ta taɓa yi mini, tun da yanzu an rufe ta.

A wancan lokacin muna zaune a unguwar Marjandafak, a gidan ƙasa mai ɗaki huɗu da bishiyar dogon-yaro a tsakiya. Maigidana mahauci ne, daga ƙofarmu zuwa rumfarsa a kasuwa ba nisa. Da gari ya waye za ka ji amalanke suna kuka, masu sayar da ruwa suna kira da Larabci, can nesa kuma saran gatari a kan ƙashi. Aikin farko na mace shi ne shara. Sai ta share tsakar gida tas, ta yayyafa ruwa, tsintsiya ta bar zane a ƙasa kamar sabon kitso. Daga nan duk wanda ya gitta sai ƙasa ta riƙe shi, ko kaza ce. Kowa kuma da ƙafa yake zuwa ko'ina, shi ya sa mun san juna da ƙarar taku. Kafin mutum ya yi sallama an san wane ne, an san ma ko da fushi ya taho. Yanzu babur ke sauke mutum a bakin ƙofa, kilando suke ce masa, duk ƙararsu iri ɗaya. Jikokina ba su san takun ubansu ba.

Ciwon bayana daga randa ya soma. Uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta sayo wata babbar randa daga Gawi, garin masu ginin tukwane, tana ji da ita ƙwarai saboda sanyin ruwanta. Ban daɗe da gama wankan jego na biyu ba, na ga randar ta karkace a mazauninta, da ruwa wajen rabi a ciki. Maimakon in kwashe ruwan, sai na sunkuya na rungume ta in gyara mata zama. Na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Na ce zuwa gobe zai wuce. Watanni suka shige, aka shekara, yana nan kamar an ɗaura mini dutsen niƙa a gindin baya. An yi mini ƙaho, an gasa da ruwan zafi, an shafa man shanu. Da abin ya ƙi, aka kira wanzami ya ɗora mini ƙarfen wuta wuri uku. Na cusa bakin zanena a baki na cije. Har yau idan ana babbakar kan rago sai in tashi daga wurin, don warin yana mayar da ni ranar. Ƙunar ta warke, ciwon bai je ko'ina ba.

Abin da ban sani ba shi ne ciwon ya canja mini tafiya. Ni dai a cikina na san ina lallaɓa bayana, kamar wadda ta ɗauko ƙwarya cike da nono tana tsoron ya zube. Idona kullum yana ƙasa, ina neman rami ko tudu, don taku ɗaya da bai zauna daidai ba sai in ji shi har tsakar kai. Idan aka kira ni daga baya ba na waiwaya, sai in juyo gaba ɗaya. Ranar da matan unguwa za su wanki bakin kogi a Sabangali, tare muke fita, amma kafin a yi nisa sun bar ni. In na ce bari in ƙara sauri, sai cinyoyina su ɗaure, numfashi ya ƙare. Sukan tsaya a inuwa su jira ni, wata ta ce, "Ga amaryar da ba ta tsufa, a hankali dai, kada lalle ya goge." Mu yi dariya. Takalmina na hagu kullum shi ke riga cinyewa, ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Madubin da muke da shi na sa kwalli ne, bai wuce tafin hannu ba. Ba kuma wanda zai dubi matar aure ya ce mata ga yadda take tafiya.

A nan sai na yi wa 'yan yanzu bayani, don na ga suna kiran 'ya'yansu na fari da suna, suna ɗora su a cinya a gaban surukai. Mu a lokacinmu ba a yi. 'Yar fari ta kaka ce. Uwa ba ta kama sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ta yi ba ita ke rugawa ba. Tawa kuma sunan Inna ta ci, kunyar ta zama biyu. Tun da aka yaye ta a ɗakin Inna take kwana, ni kuma Yaya take ce mini. Ina son yarinyar nan har cikin ƙashina, amma na koya wa idona ya riƙa zamewa daga kanta. Ina jin motsinta a bayana idan ina aiki, ɗan numfashinta da ƙarar ɗan takalmin robarta, sai in yi kamar ban ji ba. A lokacin tana da shekara huɗu ko kusa da haka.

Wata rana da la'asar ina tankaɗe, na ji Inna ta ce, "Takwara, zo nan." Yarinyar ta je. "Koma wajen randa. Sake dawowa." Muryar Inna ta canja. Ta kira maƙwabciyarmu ta kan katanga, su biyu suka sa yarinyar tana kai da kawowa. Ni ina zaune na ba su baya, kunnena ne kawai a wurin. Na ji suna cewa takunta gajere ne, tana ware ƙafafu, tana jan ta hagu, jikinta a sandare kamar ƙyaure, hannu ɗaya ba ya motsi. Inna ta ce, "Ina ke miki ciwo, takwarata?" Sai na ji 'yar muryar nan ta ce, "Wash, bayana." Maƙwabciya ta yi salati.

Kwana biyu gidan ya cika da masu dubiya, kowace da nata. Wata ta ce shan-inna ne yake sanɗa, wata ta ce an tsallaka ta tana kwance, wata ta ce a nono ta sha. Wannan ta ƙarshe ta fi yi mini zafi. Inna ba muguwar mace ba ce, Allah ya ji ƙanta. Tana da ƙane da ya girma yana jan ƙafa, kuma ta tafi da imanin cewa jinkiri ne ya jawo masa. Saboda haka ba ta tsaya ba. Ta aika wa wanzamin nan da ya yi mini, ya ce ranar Alhamis da hantsi zai zo da ƙarfensa.

Ran Laraba da rana maigida ya kawo cefane, na bi shi zaure, abin da ban saba ba. Na ce, "Ni fa na san ƙarfen nan." Ya ce, "Na sani." Na ce, "Bai yi mini komai ba." Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, sannan ya ce, "Na ce wa Inna a kai ta labtan, wato asibiti, likita ya duba, ta ce sai an yi wannan tukuna. Ke kuma da bakinki za ki shiga maganar 'yar fari? Me za a ce?" Na koma na ci gaba da wanke-wanke, ina kallon hannuwana suna aiki kamar na wata.

Alhamis na yi shara kamar kullum, na yayyafa ruwa. Na je randa, na je madafa, na koma ɗaki na duba ɗan goyona, na sake fitowa. Da hantsi wanzami ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma a gindin dogon-yaro. Ya hura gawayi, ya tura ƙarfen a ciki, Inna ta kawo masa shayi yana kurɓa yana jiran bakin ƙarfen ya yi ja. Yarinyar tana tsaye tana kallon wutar, ba ta san tata ba ce. Ni ina bakin madafa, ba halin in je in janye ta.

Sai ga Goggo mai nono. Wata tsohuwar Bafillatana ce da ke kawo mana kindirmo daga bayan gari, siririya, da ƙwarya a ka. Ta girma tana bin shanun ubanta, kuma tana da wata ɗabi'a, ba ta shiga gida sai ta dubi ƙasa. Ta yi sallama, ta ga gawayi, ta ga ƙarfe, ta ce, "Wa za a gasa yau?"

Inna ta ce, "Bari kawai, Goggo. Takwarata ce, baya ya kama ta, ƙafa tana neman lalacewa."

Goggo ba ta sauke ƙwaryar ba. Ta dubi yarinyar, ta dubi ƙasa, ta ce, "Kowa ya tsaya inda yake. Kai ma mai aska, kada ka motsa, ƙafarka kamar ta raƙumi, za ka ɓata mini."

Wanzami ya ce, "Ikon Allah. Yau kuma mai nono ce likita?"

"Sha shayinka," in ji ta.

Ta sauke ƙwaryar a hankali, ta tsuguna, ta bi wani layin sawu da yatsa, daga ƙofar ɗakina zuwa randa. Ta ce, "Hajiya, matso ki gani. Wannan babban na wa?" Inna ta ce na yarinyar nan ne, wato ni. Goggo ta ce, "Dubi yadda yake. Taku gajere, ƙafa a ware, yatsu sun kalli waje. Dubi ta hagu, diddige ya ja ƙasa kafin ya sauka, kuma bai nutse ba. Mai wannan sawun tana jin ciwo, tana tausaya wa gefen nan. Ko saniya haka take yi, ƙafar da ke damunta ba ta danna ta." Sannan ta matsar da yatsanta kaɗan. "To ga ƙarami a bayansa. Inda babba ya je, nan ya je. Inda babba ya tsaya, nan ya tsaya. Shi ma gajere, shi ma a ware, har jan diddigen bai bari ba. Amma taɓa ki ji. Dama da hagu duk sun nutse daidai. Wannan ba ta tausaya wa komai."

Inna ta ce, "Goggo, da idona na ga tana ɗingishi."

"Na ji. Zo nan kuma." Ta ja ta zuwa gindin katanga. "Wannan fa? Kan yatsu kawai, taku dogo dogo, har ta yi kwana a nan ta watsa ƙasa. Ga sawun ɗan tsako a gabanta. Gurguwar taku ce ta kori ɗan tsako da safen nan, ko kuna da wata yarinyar a ɓoye?"

Goggo ta dube ni ta ce, "Ke, shiga ɗaki ki saki labule." Na shiga, na tsaya a bayan labule ina leƙe ta gefe. Ta cire faifan da ta rufe ƙwarya da shi, ta gangara shi a tsakar gida, ta ce, "Maza, 'yar budurwa, kamo mini kafin ya faɗi!" Yarinyar ta kwasa da gudu kamar 'yar akuya, hannuwa suna wurgawa, ta cafke shi tana dariya. Na ji Inna ta ce, "La ilaha illallahu."

"Saura," in ji Goggo. "Ke ta ɗaki, fito ki ɗebo mini ruwa, ƙishi nake ji. Kada ki kalli kowa."

Na fito na nufi randa. Ban yi taku biyar ba na ji ƙarar ɗan takalmin roba a bayana. Sai na ji wanzami ya ƙware da shayi, yana tari yana dariya. Goggo ta ce, "Juyo." Na juyo yadda na saba, gaba ɗaya, ita ma ta juya gaba ɗaya. Ga ta nan, ta dafe ƙugu da hannun hagu, ta turo kai gaba, ta ware 'yan ƙafafu, ta ɗaure fuska irin ta mai ɗauke da duniya. Ranar ce na fara kallon 'yata ido da ido a gaban mutane, kuma abin da na gani ni ce. Bakina ya suɓuce na ce, "Haka nake tafiya?"

Goggo ta ce, "Haka kike, 'yar nan. Ba wanda ya gaya miki?"

Inna ta zauna daɓas a kan turmi, hawaye na zuba tana dariya. Ta ce, "Ja'ira! Zo nan, takwarar banza. Wa ya ce ki riƙa tafiya haka?" Yarinyar ta ce, "Tafiyar Yaya nake yi." Inna ta ce, "To bayan da kika ce yana ciwo fa?" Ta ce, "Haka ake cewa in an tsaya."

Wanzami ya share idonsa, ya zaro ƙarfen daga wuta, bakinsa ya yi ja wur. Ya ce, "To Hajiya, tun da an riga an hura gawayi, ko a ƙara wa uwar biyu?" Ni da ban taɓa ɗaga murya a gidan nan ba, sai ji na yi na ce, "A'a!" har kazar da ke kusa ta tashi. Ya ce, "Afuwa, wasa nake." Ya tsoma ƙarfen a kwanon ruwa, ya yi cuuu, hayaƙi ya tashi. Na ji kiɗa iri-iri a rayuwata, na ji kukan fari na jarirai bakwai, amma ban ji abin da ya sanyaya mini rai kamar ƙarar nan ba. Goggo ta sha ruwanta, ta auna mana kindirmo, ta ɗauki ƙwaryarta. A bakin zaure ta ce wa Inna, "Maraƙi uwarsa yake bi, Hajiya, ko kin ɗaure shi a ɗakinki. Mai ciwon ku nema wa magani."

Inna da kanta ta sa maigida ya kai ni labtan. Wata ma'aikaciya ta sa na yi ta tafiya a baranda tana kallona daga baya. Ta yi mini bayani da Larabci, a hankali, yadda zan gane. Ta ce mai lafiya idan yana tafiya, ƙugu yana juyawa gefe guda, kafaɗa tana juyawa ɗaya gefen, hannuwa suna lilo, shi ya sa ba ya gajiya. Ni kuwa tsoron ciwo ya sa na ɗaure su duka sun zama abu ɗaya, naman bayana ba ya hutawa ko kaɗan, ɗaurewar kuma tana ƙara ciwon. Ta koya mini 'yan motsi da zan riƙa yi a kan tabarma. Ta ce in riƙa tafiya kullum, kaɗan kaɗan, in sauke hannu daga ƙugu, in ɗaga ido daga ƙasa. Ban fito da wani maganin mamaki ba, kuma ba ta ce zai warke gobe ba.

Da muka dawo na gaya wa Inna, ta ce, "To ai malamar tana gida. Takwara, daga yau ke ce a gaba. Ki yi tafiyarki ta Allah, Yayarki ta bi ki. In na ƙara ganin kin dafe ƙugu, ni da ke ne." Haka aka yi. Kowace safiya bayan shara mukan fita, ita a gaba ni a baya, mu kai ƙarshen layi mu dawo. Daga baya muka riƙa kaiwa bakin kasuwa, wata rana har Sabangali. Ina kallon yadda 'yan kafaɗunta suke juyawa, yadda take jefa ƙafa ba tare da ta tambayi ƙasa izini ba, ina gwadawa. Da farko ji nake kamar zan tsinke biyu. Takan waiwayo ta ce, "Yaya, hannunki!" sai in sauke shi. Matan unguwa suna dariya, ban damu ba. An ba ni izinin kallon 'yata, da sunan magani, kuma na kalle ta har na ƙoshi.

Ciwon bai rabu da ni duka ba. Har yau yakan zo, musamman in na daɗe a zaune, takuna kuma bai koma irin na 'yan mata ba. Amma na daina cinye takalmin hagu shi kaɗai. Inna ta rasu, Goggo ma ta daina zuwa wata shekara, ba mu ƙara jin labarinta ba, ban ma san sunanta na yanka ba. Ranar da ake yi wa 'yata wankan aure na shiga kai sabulu, na ga bayanta sumul, babu tabo ko ɗaya. Na ajiye sabulun na fito da sauri, mata suka ce kunyar 'yar fari ce.

Da na gama sharar nan ta kan siminti, na je mayar da tsintsiya lungun randa, sai na ga abin da magini yake ta faɗa a kai shekaranjiya. Jikata, 'yar wajen ita 'yar farin, ta faki ido ta taka wurin tun bai bushe ba. Ya ce zai dawo ya shafe, na aika a ce masa ya bar shi. Na dafa gwiwa na tsuguna a hankali, na sa yatsa a cikin sawun kamar yadda na ga Goggo ta yi. Na taɓa na dama, na taɓa na hagu. Duk sun nutse daidai.